Kayak: tarihin jirgin fata da ya ɓace sau biyu, ya dawo

A can ƙurewar arewacin duniya, daga Alaska har zuwa tsibirin Girinland, akwai al'ummar da ake kira Inuwit. Ƙasarsu ƙanƙara ce, a mafi yawan yankunanta ba a noma, kuma babu itacen da za a sara. A da, yawancin abincinsu da tufafinsu da man fitilarsu daga teku suke fitowa, musamman daga wata dabba mai kitse da Faransawa ke kira fok. Domin cimma wannan dabba suka ƙera ƙaramin jirgin ruwa na mutum ɗaya, wanda duniya ta ari sunansa daga harshensu, wato kayak.

Yadda ake ƙera shi

Maharbi shi ke haɗa ƙwarangwal ɗin jirginsa, da guntayen itacen da igiyar ruwa ke jefowa gaɓa, a Girinland mafi yawansu daga kogunan Sibiriya. Ba a buga ƙusa ko ɗaya. Ana huda itacen, a cusa wani cikin wani, a ɗaure da jijiya ko tsirkiyar fata, saboda ɗauri yana lanƙwasa ya bi motsin ruwa a inda ƙusa za ta tsaga itace. Jikin mai jirgin ne ma'auni: ana auna tsawo da gaba, faɗi kuma da ƙugunsa. A yammacin Girinland tsawon yakan kai wajen mita 5, faɗin kuwa kimanin santimita 50.

Sauran aikin na mata ne. Su ke jeme fatun, su ja su a kan ƙwarangwal tun suna da danshi, su ɗinke da wani irin ɗinki wanda allura ba ta ratsa fatar gaba ɗaya, don kada ruwa ya sami ƙofa. Idan fata ta bushe sai ta ɗame kamar ta ganga, a shafe ta da kitse. Ran maharbi yana hannun mai ɗinkin nan, domin ruwan yankin na kashe mutum cikin ɗan lokaci kaɗan.

Ɓacewa ta farko

A shekara ta 1818 wani matuƙin jirgin ruwan Ingila, John Ross, ya isa arewa maso yammacin Girinland, ya tarar da mutanen da ake kira Inughuit. Ba su da kayak, ba su da kwari da baka, alhali kakanninsu sun san su. Labarin bakinsu ya ce wata annoba ce ta kwashe dattawan da suka iya aikin, ba a bar wanda zai koya wa yara ba. Masana kuma suna ƙarawa da ƙarancin itace a yankin. Saboda haka idan ƙanƙara ta narke, ga nama a teku amma ba halin zuwa gare shi, sai dogaro da tsuntsaye da abin da aka adana.

Wajen shekarun 1860 wani boka mai suna Qitdlarssuaq ya jagoranci ayarin mutanensa daga tsibirin Bafin na Kanada, suka yi shekaru suna tafiya bisa ƙanƙara har suka iso. Baƙin nan su suka sake koya wa Inughuit ƙirar kayak da baka da mashin kamun kifi. Shi ya sa jiragen yankin suka daɗe suna ɗauke da siffar na Bafin. Jagoran ya rasu a hanyar komawa gida, yunwa kuma ta hallaka da yawa daga cikin mabiyansa. A farkon ƙarni na 20 Knud Rasmussen ya rubuta labarin daga bakin Merqusaq, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira.

Kayak a hannun Turawa

A Turai jirgin ya zama abin wasa da yawon shaƙatawa. A 1907 wani tela Bajamushe, Johann Klepper, ya fara sayar da kayak mai naɗewa, ƙwarangwal na itace da rufin yadi. A 1936 aka shigar da tseren kayak cikin wasannin Olamfik na Balin, a 1956 kuma Hannes Lindemann ya ƙetare tekun Atilantika shi kaɗai a cikin irin jirgin na Klepper. Daga baya masana'antu suka koma zuba shi da roba.

Ɓacewa ta biyu

A daidai lokacin da kayak ke bunƙasa a waje, a gida mutuwa yake yi. Daga tsakiyar ƙarni na 20 jirage masu inji da kamun kifi na kasuwa suka mamaye Girinland, aka tattara mutanen ƙauyuka zuwa garuruwa, samari suka tashi ba su taɓa riƙe filafili ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka kawo aron wasu tsofaffin kayak uku daga Holan, aka baje su a Nuuk, babban birnin ƙasar. Matasan da suka gan su sun yi mamakin kyawon aikin kakanninsu, suka kafa ƙungiyar Qaannat Kattuffiat. Wannan karon sun tarar da sauran dattawa a raye. Manasse Mathaeussen ya koya musu dabarun tayar da jirgi idan ya kife, ba tare da mutum ya fita daga ciki ba. H. C. Petersen kuma ya riga ya rubuta yadda ake ƙirar daki-daki.

A yau mai ƙaramin ƙarfi na iya haɗa irin wannan jirgi a tsakar gidansa. Katakon kafinta ya maye gurbin itacen gaɓa, ana tausasa haƙarƙarin da tururi a lanƙwasa su, zaren nailan ya karɓi aikin jijiya, yadi mai ƙarfi da aka shafe da fenti mai hana ruwa ya karɓi na fata. Idan jirgin ya matse ko yana karkata, sai a farke ɗinkin, a gyara itacen, a sake rufewa. Ma'aunin dai bai canja ba, har yanzu jikin mai shi ne.

Inughuit sun yi zamani mai tsawo suna jiran baƙo ya dawo musu da abin da kakanninsu suka sani. Matasan Nuuk kuwa sun je wurin Manasse da ƴan shekaru kaɗan suka rage masa, domin ya rasu a 1989. Abin da suka karɓa daga gare shi, shi ake gwadawa a gasar kayak ta ƙasar Girinland, inda masu shiga ke zuwa da jiragen da aka ɗaure aka ɗinka da hannu.