Daga Gindin Dala zuwa Gaɓar Challawa: Ruwa da Sana'a a Tarihin Birnin Kano

Tsakure

Maƙalar ta bi sawun sana'o'in Kano daga narka tama a Dala zuwa masana'antun Challawa, domin nuna cewa ruwa na cikin manyan abubuwan da suka tsara inda birnin ya miƙe ƙafa.

Gabatarwa

An saba fara tarihin Kano da Bagauda a 999, bisa kundin Tarihin Kano da H. R. Palmer ya fassara a 1908. Amma gwajin kimiyya kan ragowar matoyar tama a Dala ya kai zaman mutane a wurin zuwa wajen ƙarni na 7. Ke nan maƙera sun riga sarauta. Ganuwar da aka fara a zamanin Gijimasu (1095–1134) ta zo ne ta kewaye jama'ar da ke da abin karewa.

Zamanin Jakara

Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi dab da rafin Jakara. Rini da jima kuwa ba sa yiwuwa sai da ruwa mai yawa: marini na zuba baba da toka a karofi, majemi na kankare fatar akuya kafin ya jiƙa ta a ruwan bagaruwa, ya murza ta da mai. Fatun nan sun ƙetare Sahara har Turai, inda aka laƙaba musu sunan Maroko, alhali aikin Hausawa ne. Jihadin da ya ci Kano a 1807 ya sauya masu mulki, bai rage wa sana'a kasuwa ba. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya ƙiyasta tufafin da birnin ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300.

Komawa kudu

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta karɓe kasuwa. A ganin wannan nazari, abin da ya fi sauya fasalin birnin shi ne gidan ruwan da Hukumar En'e ta gina a Kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Daga nan Kano ta fara shan ruwan da ke wajen ganuwa, masana'antu kuma suka bi bututu. Unguwar masana'antu ta Bompai ce ta fara, sannan Sharaɗa, sannan Challawa a yankin Kumbotso, bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Madatsar Tiga (1974) da ta Challawa da ke Ƙaraye (1992) sun ƙara tabbatar da wannan alƙibla.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, ƙarancin lantarki da kwararar atamfar waje sun durƙusar da masaƙu da dama. Kamfanonin jima sun fi jurewa, domin fatar a gida take. Sai dai sinadarin kuromiyam ya maye gurbin bagaruwa, jikan majemi ya koma leburan kamfani mai jiran albashi. Dagwalon Bompai na bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, na Sharaɗa da Challawa kuwa na gangarawa Kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da Kogin Kano kusa da Tamburawa, inda manoman rani ke ban ruwan tumatir da albasa, kuma inda wata babbar matatar ruwan birnin take.