Jini ko Ƙungiya? Waiwaye kan 'Yan'uwantaka a Farkon Fim ɗin Hausa

Wani abokin nazari na ganin wasan kwaikwayo ya shigo ƙasar Hausa ne a matsayin sana'ar gado, wa ya ja ƙane, kamar yadda ake gadon ƙira ko jima. Ban gamsu ba. Tasirin finafinan Indiya a kanmu sananne ne (Adamu, 2007, Larkin, 2008), kuma ina kyautata zaton daga can aka aro wannan awo. Raj da Shammi da Shashi Kapoor uba ɗaya suke, Prithviraj, wanda ya kafa kamfanin wasansa a 1944. A Bambai gado ne, babu ja.

A nan fa? Turmin Danya na 1990 aikin ƙungiyar Tumbin Giwa ne a Kano, taron abokai masu sha'awar dirama. Misalin da ake yawan kafa hujja da shi ma bai tsaya da ƙafarsa ba. 'Yan kallo da dama, har da na gidajen bidiyo a Funtuwa da Malumfashi, sun ɗauka Ali Nuhu da marigayi Ahmad S. Nuhu, wanda ya rasu a hatsarin mota a 2007, ciki ɗaya suke. Ba su haɗa iyaye ba. Suna ne ya zo ɗaya, sai zaman Jos, sai riƙon ubangida da yaronsa wanda ya kai ana kiran juna yaya da ƙane.

Abokin nawa zai ce, to ina ka bar gidan Booth? Tambaya ce mai nauyi. Marigayiya Zainab Booth ta yi fim, 'ya'yanta Maryam da Amude sun biyo sahu, kuma sunan gidan ya buɗe musu ƙofa. Amma su sun taso ne bayan sana'ar ta kafu, ta fara kawo kuɗi. Don haka na taƙaita da'awata ga shekaru goman farko, inda hujja ta fi ƙarfi: a lokacin iyaye hana 'ya'yansu suke yi, balle su tura biyu. Tsohuwar ɗabi'a ce. Ko Mamman Shata, da ya yi zamansa a Funtuwa, bai gaji waƙa ba, mahaifinsa ma bai so ba.

Manazarcin da ke neman tushen Kannywood ya bar bin salsalar gidaje, ya nemi dattawan ƙungiyoyin dirama tun suna raye.