Tarihin Sunayen Ɗaukewar Haila: Daga Littattafan Fiƙihu Zuwa Ƙasidun Karatun Manya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin shirya ƙasidun lafiya domin cibiyoyin karatun manya ya san inda aiki ya kan cije. Babin ciki da na haihuwa da na yaye suna tafiya ba gardama, don kuwa Hausa tana da kalmominsu a wadace. Amma in aka iso ga abin da takardun Faransanci suke kira ménopause, sai alƙalami ya tsaya: wani ya ce a rubuta "tsufa", wani ya ce "daina haihuwa", wani kuma ya ce a ari kalmar Faransancin a Hausantar da ita. Manufarmu a nan ita ce mu bi tarihin sunayen da aka ba wannan mataki na rayuwar mace a wurare ukku, wato fiƙihun Malikiyya, da maganar Hausawa ta yau da kullum, da likitancin Turai, domin mu nuna cewa kowane suna yana tafe da hukuncinsa a kan macen da ake magana a kanta.

1. Abin da fiƙihu ya ajiye

Kalmar haila aro ce daga Larabci, kuma tsohon aro. Shaidar haka tana cikin lafazinta: harafin ladi na Larabci ya koma l, kamar yadda ya faru ga alwala da farilla da alƙali. Da kalmar ta shigo, ta shigo da tsarin tunani guda, domin salla da azumi da idda duka suna rataye ga sanin wane jini ne haila, wane ne jinin biƙi, wane ne jinin ciwo. Littattafan da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna karantarwa, kamar Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Halil na ƙarni na 14, ta wannan ƙofa suka taɓo maganar.

Aya ta 4 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta sa wata ukku su zama iddar macen da ta fid da tsammanin haila. Daga saiwar kalmar da ke cikin ayar Larabci ya sami laƙabin da za mu iya fassarawa da "shekarun fid da tsammani". Malamai sun saɓa a kan adadin: Hanbalawa sun ce 50, Hanafawa 55. Malikawa kuwa sun bar tazara: jinin da mace ta gani tsakanin shekara 50 da 70, mata ake tambaya su faɗi ko haila ce, bayan 70 ba haila ba ce. Haka nan macen da aka saka, hailarta ta ɗauke ba a san dalili ba, Malikiyya ta ce ta jira wata tara, sa'an nan ta ƙara ukku, shekara guda ke nan.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, fiƙihu ya gane cewa akwai lokaci na kokanto tsakanin haila mai zuwa kan ƙa'ida da ɗaukewarta ƙwaf, kuma ya miƙa hukuncinsa ga sanin mata. Na biyu, abin da ya dame shi tsarki ne da nasaba. Ciwon jikin mace a waɗannan shekaru bai shiga babinsa ba. Nan ne kuma maganar kwantaccen ciki ta sami gindin zama, tun da Malikiyya ta yarda ciki yana iya kai shekara huɗu ko biyar. Mace mai shekara arba'in da ɗoriya, wadda jininta ya yi wata shida bai zo ba, tana da suna a shirye da za ta ba halin da take ciki: cikinta ne ya kwanta.

2. Maganar Hausawa

Bahaushiya ba kasafai take furta kalmar haila a gaban mutane ba. Kunya ta haifar da sakayau da dama: al'ada, jinin wata, baƙon wata, wanki, fashin salla. Kowanensu yana da kishiyarsa a ƙarshen tafiya: al'ada ta ɗauke, ta daina wanki, ta bar fashin salla. Akwai kuma waɗanda suke kallon haihuwa: ta gama haihuwa, ta yaye auta, girma ya zo. Abin lura ga masanin harshe shi ne duka waɗannan jimloli ne masu aikatau. Babu suna guda tilo da za a ɗora a kan babi. Rashin sunan bai nuna rashin sanin abin ba. Ya nuna cewa Hausa ta dube shi a matsayin sauyin matsayi cikin gida da gari.

Tarihi ya tabbatar da wannan. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793–1864), sa'ad da ta kafa ƙungiyar ƴan taru, ga mata manya ta danƙa jagoranci. Jaji ita ke ɗaukar mata daga ƙauyuka ta kai su wurin karatu, kuma masu yin tafiyar galibi ƴan mata ne ƙanana da matan da suka wuce shekarun goyo, don su ne kulle bai riƙe ba. Haka yake ga ungozoma, wadda bisa al'ada dattijuwa ce da ta gama haihuwa. Shi ya sa horon ungozomai da aka soma a yankin Maraɗi cikin shekarun 1960 a kan irin waɗannan mata ya dogara. Mai dalilin aure, da mai sasanta kishiyoyi, da mai zuwa kasuwar nesa, duka daga wannan rukuni suke fitowa.

Sai dai ba kowace mace ke samun wannan girma ba. Wadda ta kai ƙarshen haila da ƴaƴa da jikoki ta zama uwar gida mai faɗa a ji. Wadda ta kai shi ba ta da ɗa, ko kuwa ya zo mata da wuri, ita ce za ta fi riƙe maganar kwantaccen ciki, ta yi ta yawo tsakanin boka da malam, domin karɓar ɗaya sunan daidai yake da karɓar kishiya ko saki.

3. Yadda Turai ta yi wa abin suna

Tun zamanin Girkawa, Aristote ya lura cewa haila tana ɗaukewa wajen shekara 40, ga wasu mata har 50. Amma Faransanci ma ya daɗe da sakayau kamar âge critique da retour d'âge. Wani lokotoro na birnin Pari, Charles de Gardanne, shi ya ƙera ménespausie cikin littafinsa na 1816, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar "wata" da "tsayawa", ya gajarta ta zuwa ménopause a bugun 1821. Ke nan kalmar da ake ganin Hausa ta rasa, Faransanci bai fi shekara 200 da kaɗan yana da ita ba, kuma ma'anarta ta asali ba ta wuce "wata ya tsaya" ba.

Likitocin ƙarni na 19 sun ɗauka jinin da bai fita ba yana taruwa ya hau kai ko ya kama wata gaɓa, saboda haka maganinsu ƙaho ne da matsattsaku da gudawa. A Ingila, Edward Tilt ya wallafa a 1857 abin da ya gani ga mata 500. Sauyi na gaske ya zo da gano sinadarin da gidan ƙwan mace yake zubawa cikin jini: Allen da Doisy sun nuna aikinsa a 1923, sa'an nan Doisy a Amurka da Butenandt a Jamus, kowa da kansa, suka tace shi a 1929. A 1942 Amurka ta yarda da sayar da Premarin, maganin estorojen da ake cirowa daga fitsarin goɗiya mai ciki.

Daga nan sunan ya sake nauyi. Robert Wilson, cikin littafinsa Feminine Forever na 1966, ya kira ɗaukewar haila cutar ƙarancin sinadari, wadda za a yi wa magani har ƙarshen rai. Mata miliyoyi suka bi. A 1975 bincike biyu suka nuna cewa estorojen shi kaɗai yana ƙara haɗarin kansar mahaifa, sai aka koma haɗa shi da sinadari na biyu, wato forojestin, ga macen da mahaifarta take nan. A 2002 kuma aka dakatar da wani babban gwaji a Amurka, mai mata 16,608, bayan an ga ƙarin kansar nono kamar mace 8 cikin 10,000 a shekara, da ƙarin shanyewar jiki da daskarewar jini. Tsoro ya sa mata da yawa suka watsar da maganin. Da aka sake duban alƙaluman, aka lura matsakaicin shekarun matan gwajin 63 ne. Matsayin da ƙungiyoyin likitoci suka tsaya a kai daga baya shi ne: ga mace mai lafiya da ba ta kai 60 ba, ko wadda ba ta yi shekara 10 da ɗaukewar haila ba, in alamomin sun takura mata, amfanin maganin ya kan rinjayi haɗarinsa. A 2023 aka yarda a Amurka da wani magani, fezolinetant, wanda ba sinadarin mace ba ne, yana aiki a sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita ɗumin jiki.

4. Ma'anar da aka tsayar, da bambancin al'ummai

Rahoton Ƙungiyar Lafiya ta Duniya na 1981 ya tsayar da ma'anar da ake aiki da ita: ana cewa haila ta ɗauke in an cika wata 12 a jere babu jini, ba tare da wani dalili ba. Ya kuma ware lokacin gabatowa, wanda ya kan ɗauki shekaru, inda jini ke rikicewa, ya yi yawa ko ya yi tsallake. Ga yawancin mata abin yana faruwa tsakanin 45 da 55. Kamar mace 1 cikin 100 takan gamu da shi kafin 40. Dalilinsa ƙarewar ƙwai ne: ana haihuwar ƴa mace da miliyan 1 zuwa 2, a balaga saura kamar 300,000 zuwa 400,000, a ƙarshe bai wuce 1,000 ba, estorojen kuma ya ja baya. Shekara guda ta likita ta yi daidai da shekara guda ta Malikiyya, ko da yake kowa da hanyar da ya bi ya iso.

Masana al'adu sun ƙara wani darasi da ya shafe mu kai tsaye. Marcha Flint a 1975 ta tarar matan Rajput na Indiya ba su cika kuka da alamomin ba, kuma a wannan lokaci ne ake sassauta musu kulle. Margaret Lock, cikin littafinta na 1993, ta nuna matan Japan sun fi ambaton ciwon kafaɗa da na kai, kuma Japananci ba shi da kalma takamaimai ta zafin nan da ke tasowa. Binciken da aka yi a Ile-Ife ta Najeriya a 1990 ya sami matsakaicin shekara 48, da ciwon gaɓoɓi cikin manyan koke-koke. Ke nan amsar da mai bincike zai samu tana bin kalmar da ya yi tambaya da ita.

5. Abin da wannan tarihi yake koya wa mai shirya ƙasida

Matsala mafi wuya tana ga fassarar bouffée de chaleur, wato zafin da ke tasowa daga ƙirji zuwa fuska na ƴan mintoci, da gumi, musamman da dare. A Maraɗi da Damagaram da Tawa, zahi sunan cuta ne mai zaman kansa, da alamominsa na ciki da magungunansa na itace. Sanyi ma haka, shi ake jingina wa ciwon gaɓoɓi da ruwan gaba. In ƙasida ta ce "zafi" kawai, mai karatu za ta kai shi ga zahi, ko ga masassara, ta sha maganin cizon sauro a banza. Muna ganin "tasowar ɗumi" ya fi kusa, a bi shi da bayani: yana zuwa farat ɗaya, ya wuce, jiki bai yi ciwo ba.

Game da kan babi, shawararmu "ɗaukewar al'ada", da "gabatowar ɗaukewa" ga lokacin rikicewar jini. "Tsufa" zagi ne ga mace mai shekara 47 da ke noma da fatauci. "Fid da tsammani" na babin idda ne, can ya kamata ya zauna. "Daina haihuwa" kuwa yana da haɗari, domin a lokacin gabatowa ciki yana iya shiga. Likitoci suna cewa mai tazarar haihuwa ta ci gaba har shekara guda bayan jinin ƙarshe in ta wuce 50, shekara biyu in ba ta kai ba.

Akwai magana guda da ba za a sakaya ba: jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba haila ba ce a wurin likita, ba kuma cikin da ya kwanta ne ya tashi ba. Yana iya zama alamar kansar mahaifa ko ta bakin mahaifa, wadda tana cikin masu yawan kashe mata a Afirka ta Yamma. Fiƙihu ya ce a tambayi mata domin salla. Ƙasida ta ƙara da cewa a tafi gidan likita domin jiki, hukuncin biyu ba sa karo. Sauran alamomi, kamar rashin barci, bushewar gaba, saurin fushi da raunin ƙashi, a faɗe su da sunansu tare da abin da ke sauƙaƙa su: tufafi marasa nauyi, motsa jiki, nono da ganye irin su zogale, man shafawa na gaba, da ganin ma'aikaciyar lafiya in abin ya hana aiki.

Kammalawa

Kalmomin da muka kawo shawara ce, ba mu yanke ba. Kafin a buga su, ya wajaba a gwada su a cibiyoyin mata na Maraɗi da Damagaram da Tawa da unguwannin Hausawa na Yamai, mace ta yi tambayar, a rubuta amsoshin da lafazin masu magana, a kuma ware na matan da ke da ƴaƴa da na waɗanda ba su da su. Ungozomai da malaman makarantun mata su ne za a fara da su.