Kalkidon da Abin da Ya Biyo Baya: Ƙoƙarin Ɗinke Ɓaraka Tsakanin Ikilisiyoyin Gabas

Gabatarwa

A shekarar 451 Miladiyya, Sarkin Rumawa Markiyan ya tara shugabannin ikilisiya a Kalkidon, wadda a yau take cikin birnin Istanbul, domin su fayyace yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikin Almasihu. Majalisar ta zartar da cewa zati ɗaya ne cikin ɗabi'u biyu, ta kuma tuɓe Diyoskoros, shugaban ikilisiyar Iskandariyya. Akasarin Kiristocin Masar da wani sashe na mutanen Sham sun ƙi wannan hukunci, suka riƙe koyarwar Kirilos na Iskandariyya (ya rasu a 444) mai magana a kan ɗabi'a ɗaya haɗaɗɗiya. Habasha da Armeniya ma wannan tafarki suka bi. Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa warware saɓanin aƙida bai wadatar wajen maido da zumunci ba.

Sulhun Sarakuna

Yunƙurin farko daga fada ya fito, domin rasa goyon bayan Masar barazana ce ga daula. A 482 Sarki Zeno ya fitar da takardar sulhu da ta kauce wa kalmomin da ake jayayya a kansu. Maimakon gyara, sai ta haifar da sabuwar rabuwa tsakanin Roma da Kustantiniya daga 484 zuwa 519. Sarki Hiraƙal ya gwada nasa a 638 da koyarwar nufi ɗaya, wadda majalisar Kustantiniya ta 680 zuwa 681 ta rushe. Kafin nan Larabawa sun ci Masar, don haka iyakar mulki ta ƙara wa gyambon zurfi.

Komawa kan Kalmomi

A ƙarni na 20 an sake zama. Malaman tauhidi na ɓangarorin biyu sun gana a Arhus ta ƙasar Denmak a 1964, sannan a Biristol (1967), Janeba (1970) da Adis Ababa (1971). Binciken da suka yi ya nuna cewa kalmar Girkanci "fisis", wadda ake fassarawa da ɗabi'a, kowane ɓangare da ma'anar da yake ba ta. Dukkansu sun yarda Almasihu cikakke ne a allahntakarsa da mutuntakarsa, ba tare da cakuɗuwa ko rabuwa ba. A Mayun 1973 Fafaroma Bulus na VI da Shenuda na III na Kibɗawa suka sanya hannu a kan sanarwar da ta tabbatar da haka ba tare da amfani da lafazin Kalkidon ba. Tattaunawar hukuma tsakanin iyalan Otodoks biyu ta kai ga yarjejeniyar gidan ruhubanawa na Anba Bishoi a 1989 da ta Shambezi ta ƙasar Suwizalan a 1990, wadda ta ba da shawarar a janye tsinuwar da aka yi wa juna.

Abin da Ya Rage

Har yau shawarar ba ta zama aiki ba. Ɓangare guda yana ƙirga majalisu bakwai, ɗayan uku. Diyoskoros da Sawiros na Antakiya tsarkaka ne a littattafan ibadar Kibɗawa, alhali ɗaya ɓangaren ya tsine musu. Haka matsayin Fafaroma Liyo na I yake idan aka juya. Janye tsinuwa na nufin taɓa addu'o'in da aka gada kaka da kakanni, abin da ruhubanawan Dutsen Atos suka fito fili suka ƙi.

Kammalawa

Inda aka samu ci gaba shi ne ta fuskar bukatun jama'a. A 2001 shugabannin ikilisiyoyin biyu na Iskandariyya suka amince da auren da aka ɗaura a majami'un juna. A 2023 Fafaroma Faransis ya sanar da shigar da mutum 21 da aka kashe a Libiya a 2015, waɗanda Kibɗawa ke girmamawa, cikin kundin shahidan Katolika. Malamai sun daidaita kalmomin cikin shekara 26, amma har yanzu ɓangarorin ba su koma cin Jibin Ubangiji tare ba.