Yadda Zance Ya Shiga Kiɗan Rok

Salon da mawaƙi zai dakatar da rerawa ya koma magana, alhali kiɗa bai tsaya ba, ya girmi kiɗan rok. A kudancin ƙasar Amurka ya yi tushe, inda Chris Bouchillon ya naɗi faifan bulus na zance a 1926. Woody Guthrie ya ɗauki salon ya riƙa ba da labarin manoman da fari da guguwar ƙura suka raba da gonakinsu a shekarun 1930, daga baya Bob Dylan ya gaje shi.

Da farko masu rok a waƙoƙin soyayya suka fi amfani da shi. A 1960 Elvis Presley ya saki "Are You Lonesome Tonight?", inda ya tsaya a tsakiya yana yi wa masoyiya magana ƙasa-ƙasa. Sai a ƙarshen shekarun 1960 abin ya ƙasaita, lokacin da marubuta suka fara riƙe jita. A 1968 ƙungiyar Velvet Underground ta birnin New York ta fitar da "The Gift". Ɗan ƙungiyar John Cale ne ya karanta wani gajeren labari na abokin aikinsa Lou Reed daga farko har ƙarshe, aka sa muryarsa a lasifikar hagu, kiɗan kuma a ta dama. Mai sauraro na iya rufe ɗaya ya bar ɗaya, ko ya haɗa su.

Patti Smith kuwa marubuciyar waƙoƙi ce tun asali. A 1971 ta karanta baitocinta a cocin St. Mark, Lenny Kaye yana raka ta da jita, kuma daga nan aka haifi faifanta Horses na 1975.

Abin da Pink Floyd suka yi a Landan ya fi ratsa zuciya. Lokacin haɗa faifan The Dark Side of the Moon na 1973, ɗan ƙungiyar Roger Waters ya rubuta tambayoyi a katuna kan mutuwa, hauka da faɗa, aka miƙa wa mutanen da ke ɗakin naɗar sauti na Abbey Road, har da mai tsaron ƙofa Gerry O'Driscoll. Amsoshinsu, da dariya da in'ina, aka zuba cikin kiɗan. Muryar da ba ta koyi waƙa ba ta faɗi abin da rerawa za ta ƙawata har ya rasa nauyi.

Ga kunnen Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Daga Kano har zangon Parakou da Djougou, hanyar da fataken goro suka bi zuwa Gwanja, an san aikin sanƙira: makaɗi na waƙa, shi kuma yana kutsowa da kirari, yana ambaton asalin wanda ake wasawa da kyautar da ya yi. A Legas kuma Fela Kuti ya mayar da zance makami a gidan rawarsa na Shrine a shekarun 1970, inda yakan daɗe yana caccakar gwamnatin soja kafin ya shiga waƙa.

A Amurka salon ya sake farfaɗowa a 1991 da faifan Spiderland na ƙungiyar Slint, kuma a 2021 ƙungiyar Dry Cleaning ta Landan ta fitar da faifanta na farko, wanda mawaƙiyarta Florence Shaw ta yi kusan dukkansa da magana zalla.