Daga Kwalta zuwa Shuni: Tarihin Naftalin

Farin ƙwallon nan da iyayenmu mata ke jefawa a akwatin tufafi, wanda muke kira kafur, galibinsa ba kafur ba ne. Kafur na ainihi daga itace ake samunsa. Wannan kuwa naftalin ne, sinadarin da ke cikin kwal da ɗanyen mai, kuma ya taɓa durƙusar da wata babbar sana'a.

A farkon ƙarni na 19, da aka fara haskaka titunan Landan da iskar gas da ake tatsa daga kwal, sai masana'antun suka rasa yadda za su yi da baƙin dagwalon da ke saura. Daga sunansa na Turanci ma muka samo kalmar kwalta. A cikinsa ne John Kidd na jami'ar Oxford ya bayyana wani farin abu mai ƙarfin wari a 1821, ya raɗa masa suna. A 1866 Emil Erlenmeyer ya zana siffarsa: ƙwayoyin kabon goma a zobe biyu masu kusurwa shida-shida, manne da juna kamar ɗakuna biyu masu bango ɗaya, da ƙwayoyin haidurojin takwas a gefe.

Naftalin ya kai kusan kashi goma cikin ɗari na kwalta, ga shi da arha. Shuni kuwa tsada gare shi, kuma Indiya, ƙarƙashin Ingila, ita ke riƙe da kasuwarsa. Adolf von Baeyer ya haɗa shuni a ɗakin bincike tun 1880, amma hanyar tasa ba ta fid da kuɗinta. Kamfanin BASF na Jamus ya nace sai ya samo shi daga naftalin, sai dai matakin farko, na fasa zobe ɗaya da ruwan asid mai zafi, ya ƙi sauri. Ana ba da labarin cewa ma'aunin zafi ne ya fashe a cikin tukunyar, zaiba ta zube, aikin ya kankama nan take. Labarin ya cika daɗi har ya sa mutum shakka, amma gaskiya ne da zaibar aka ci gaba da aiki.

A 1897 BASF ya fito da shuninsa kasuwa. A shekarar, wanda ake samu daga baba ya kai kimanin tan 19,000. Zuwa 1914 ya faɗo wajen tan 1,000. Turawa masu gonakin baba a Bihar suka juye asarar a kan manoma ta hanyar ƙarin kuɗin haya, kuma kukan waɗannan manoma ne ya kai Gandhi Champaran a 1917.

Marinan Ƙofar Mata a Kano ba su cikin wannan lissafi, domin ba Turai suke sayar wa ba. Amma tun daga lokacin, duk mai jiƙa baba da toka a karofi yana gasa ne da launin da ba ya jiran damina.