Garin Kwaki: Abincin Rana da Ba Ya Jiran Murhu

Azahar ta gota, an taso daga makarantar boko, ga Islamiyya tana jira da la'asar. Uwa ta tafi barka ko gidan biki, tukunya kuwa a kife. Yaro ɗan shekara bakwai ba ya zama yana hamma. Kwano zai jawo, ya ɗebi gari gwangwani guda, ya zuba ruwan randa, ya tsiyaye dussar da ta taso, ya ƙara ruwa, ya jefa sukari, ya marmasa ƙuli-ƙuli a kai. Babu ashana, babu wuƙa, babu mai ce masa ya yi hankali da wuta. Da wuya a sami gida a Kano ko Maraɗi ko zangon Kumasi da ba a san wannan haɗin ba, har wani ya ɗauka tun kaka da kakanni ake shan sa. Alhali kuwa garin kwaki baƙo ne a ƙasar Hausa.

Kafin zuwansa, abin da yaro kan iya haɗa wa kansa da rana shi ne fura da nono, ko ya lallaɓa sauran tuwon jiya. Sai dai fura ba ta jure ajiya, ɗumame kuma sai da wuta.

Shi rogo asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma Turawan Fotugal ne suka kawo shi gaɓar Afirka a ƙarni na 16. Ya daɗe bai karɓu sosai a Afirka ta Yamma ba, domin nau'insa mai ɗaci yana da guba da kan iya kisa idan ba a san yadda ake fitar da ita ba. Masana tarihi suna danganta yaɗuwar dabarar yin gari da bayin da suka dawo daga Birazil, inda aka daɗe ana goge rogo, a matse, a soya garinsa. A lardin Bahia na can, bayi Hausawa sun shirya bore a 1807, sannan a 1835 Musulmi, akasarinsu Yarabawa, suka yi babban tawaye a birnin Salbado. Bayan an murƙushe shi, aka kori wasu, wasu kuma suka tattara nasu ya nasu suka tsallako teku zuwa Legas da Wida da Fotonobo da Akara. A Legas ana kiran su Aguda. Da sana'ar gini da kafinta suka dawo, da kuma sanin yadda ake mai da rogo abincin da ke wata da watanni bai lalace ba.

Sauƙin da yaro ke samu, wahalar wasu ce ta saye shi. Mata ne ke fere rogon, su wanke, a goge shi, a ɗura a buhu a danne da duwatsu ko matsi na ƙarfe har kwana biyu zuwa biyar. A nan ruwan gubar ke tsiyayewa, a nan kuma tsamin ke shiga. Sai a tankaɗe, a zuba a faffaɗan kasko, mace ta zauna gaban wuta tana juyawa cikin hayaƙi har ya bushe ƙarau. Idan aka ɗiga manja ya fito ja, idan aka bar shi ya daɗe a matse ya fito da tsami irin na Ijebu. Dafaffe ne ke nan tun daga inda aka yi shi, ruwa kawai yake nema.

Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna cewa annobar mura ta 1918 zuwa 1919 ta taimaka wajen yaɗa noman rogo a yankin kudancin kogin Kwara. Mutane sun mutu da yawa, aka rasa masu aikin doya, sai jama'a suka koma ga shukar da ba ta cin ƙarfi sosai. A daidai lokacin hanya ta riga ta buɗe zuwa Arewa, don jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga Kudu suka sauka a unguwannin Sabon Gari na Kano da Zariya, cimarsu ta biyo su a buhuna, sannu a hankali ta shiga kasuwannin cikin birni.

Yunwa ta ƙarasa aikin da jirgi ya fara. A yunwar 1953 zuwa 1954, wadda Hausawa ke kira Muɗa, hatsi ya yi wuya matuƙa. A yammacin Nijar har yau Zabarmawa na tuna lokacin da sunan Garo Jire, wato shekarar gari, saboda shi ya tsayar da mutane da ƙafafunsu.

Da garin ya zauna, sai Bahaushe ya yi masa nasa gyaran. Gyaɗa ma daga Kudancin Amurka ta fito, amma ta riga shi zama 'yar gida, kuma daga 1912 cinikinta ya bunƙasa a Kano har aka kai ga dalar gyaɗa. Matan aure da ke matsar mai a cikin gida su ne ke soya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli. Gari kusan sitaci ne zalla, ƙuli kuma yana da sinadarin gina jiki, sai suka dace. Daga nan aka sami kwaɗon gari: a yayyafa masa ruwa ya yi laushi, a sa dakakken ƙuli da man gyaɗa da yaji da albasa da tumatir, wani lokaci har da dafaffen zogale, a cakuɗa. Yarinya 'yar shekara goma na iya haɗa shi ta ciyar da ƙannenta. A makarantun kwana kuwa, akwatin ɗalibin da babu gari da sukari da ƙuli a ciki bai cika akwati ba, kuma a Ghana ɗalibai kan haɗa nasu da yajin shito.

Abokin hamayya ya bayyana a ƙarshen shekarun 1980, lokacin da taliyar Indomie ta Indonesiya ta shigo Najeriya, kafin a kafa masana'antarta a Ota ta jihar Ogun a tsakiyar shekarun 1990. Ta sace zukatan yara, sai dai tana bukatar risho ko gas, da babba a kusa mai sa ido.

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, tana fitar da wajen tan miliyan 60 a shekara. Duk da haka a 2024 gari ya fara fin ƙarfin masu shan sa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa kilo ɗaya na farin gari, da ake saya wajen Naira 400 a tsakiyar 2023, ya haura Naira 1,000 a tsakiyar 2024.